Sarrafa: Kalmar da ta Haɗiye Aikin Mata

Turawan Ingila suna da kalma guda, process, wadda suke ɗora wa hatsin da ya shiga injin, su kuma ɗora wa lissafin da ya shiga kwamfuta. Mu a lakwal da Faransanci aka raba mana ita biyu: transformation ga abinci, traitement ga bayani. Hausar rediyo kuwa ta bi Ingilishi, ta ce sarrafa, ta gama duka.

Kalmar ba baƙuwa ba ce. Daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da sarfu, ilimin juya kalma da malaman zaure ke karantarwa tare da nahawu. Amma je ka Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ka tambayi mai man gujiya (gyaɗa, in ji Kanawa) me take yi. Ba za ta ce tana sarrafawa ba. Za ta ce ta ɓare, ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta niƙa, ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, ta matse tunkuza, ta toya ƙuli-ƙuli. Kowane mataki da sunansa, kuma wadda ta kuskure suya ta san man zai yi ɗaci.

Zamanin Faransa ba wannan aikin ake so ba. Ɓararriyar gujiya ake awo a kasuwa, a loda, mafi yawa a tatse ta a waje. Bayan mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962, ta riƙe cinikin. Sai farin 1973 da 1974, sai cutar da ta tsugunar da gujiya a 1975. Manoma da yawa suka koma wake, awon ya mutu. Matan nan dai ba su sauke kasko ba.

To, sai da ƙungiyoyin raya karkara suka zo da injinan niƙa da takardun cikewa, sannan aikin ya samu suna a ofis. Gaskiya sunan ya yi rana, don da shi ƙungiyar mata ke neman bashi. Illarsa ita ce, a takarda mai injin da ke danna maɓalli da tsohuwar da ta wuni gaban wuta duk "masu sarrafawa" ne, layi ɗaya. Yaran da ke sarrafa bayani a waya yau, tambaye su mece ce tunkuza, ka ga nawa za su amsa.