Murhun da Ya Ci Sunan Franklin

A farkon shekarun 1740 birnin Filadelfiya na Amurka yana bunƙasa, dazuzzukan kewayensa suna ja da baya. Itace ya yi tsada, ga hunturu mai daskarar da kogi. Murhun ɗumama ɗaki a lokacin buɗaɗɗen gurbi ne a jikin bango, akasarin zafinsa yana bin hayaƙi ya fice ta bututun rufi. Mai jin ɗumi gabansa na gasuwa, bayansa na makyarkyata.

Wajen 1742 Benjamin Franklin, wanda sana'arsa ɗab'i ce, ya tsara murhun ƙarfe da zai tatse zafin hayaƙi kafin ya fita. Hayaƙin zai haura wani akwatin ƙarfe mai ɗumama iskar ɗaki, ya gangaro ta bayansa, ya bi ƙarƙashin daɓe, sannan ya shiga bututu. A 1744 ya wallafa ƙasidar tallata shi. Gwamna George Thomas ya yi masa tayin haƙƙin mallaka, shi kaɗai ya ƙera ya sayar, ya ƙi karɓa.

A takarda dabarar ta yi kyau, sai dai hayaƙi ba ya son gangara. Muddin bututun bai ɗau zafi ba, ɗaki yake dawowa ya turnuƙe shi. Kasuwar murhun ba ta yi armashi ba.

Ƙin karɓar haƙƙin nan ne ya cece shi, domin kowa ya samu damar yi masa kwaskwarima. Masu gyara, ciki har da David Rittenhouse, suka sauƙaƙa wa hayaƙin hanya, suka watsar da gangaren da shi ne ainihin fikirar Franklin. Wannan gyararren ne ya bazu cikin gidaje, kuma har yau da sunan Franklin ake kiransa.