Harsunan Shirya Manhaja a Kwamfutocin Gida na Farko

Kwamfutocin gida na farko su ne ƙananan na'urorin da suka shiga kasuwa daga 1977 zuwa tsakiyar shekarun 1980, irin su Apple II, ZX Spectrum da Commodore 64. Akasarinsu na aiki ne da firosesa mai bit 8, ko dai daga dangin MOS 6502 ko kuma Zilog Z80. Ƙarancin ma'adana da rashin sauri su ke yanke wa mai shirya manhaja harshen da zai ɗauka. ZX81 ta kamfanin Sinclair, wadda ta fito a 1981, da kilobait 1 kacal ta zo.

BASIC ne ya mamaye fagen. John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro shi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin ɗalibai, sannan a 1975 Bill Gates da Paul Allen suka samar da wani nau'insa da ke aiki cikin kilobait 4 a kan Altair 8800. Daga nan kamfanoni suka riƙa dasa shi a cikin na'urar kanta, da an kunna sai a same shi yana jira. Aibinsa shi ne nawa, don layi-layi ake fassara umarninsa yayin da shirin ke gudana.

Saboda haka masu rubuta wasannin sayarwa suka koma ga asembili, wanda ke magana da firosesa kai tsaye. Yana da sauri ƙwarai, amma wahalarsa ba kaɗan ba ce, kuma abin da aka rubuta wa Z80 ba ya aiki a 6502. BASIC ɗin da Sophie Wilson ta rubuta wa BBC Micro ya ba da damar cusa asembili a tsakiyar shiri, dabarar da ta sauƙaƙa wa masu koyo da yawa.

Harshen C bai samu wurin zama sosai a 6502 ba, domin rajistocin wannan firosesa kaɗan ne, wurin jera bayanan wucin gadi kuma bait 256 ne kawai. Pascal a Apple II yana buƙatar faifai da ƙarin ma'adana. Forth kuwa, mai sauri da ƙarancin cin wuri, da shi aka fitar da kwamfutar Jupiter Ace a Ingila a 1982. Ba ta yi kasuwa ba: mujallu da makarantu duk BASIC suke koyarwa, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya durƙushe a 1983.