Littafi a Gaban Alƙali: Daga Shari'ar Flaubert zuwa Tace Littattafai a Kano

A ƙarshen 1856 mujallar Revue de Paris ta riƙa buga labarin Madame Bovary na Gustave Flaubert kashi-kashi. Tun hukuma ba ta tanka ba, masu mujallar suka datse wurin da Emma, jarumar labarin, ta keɓe da kwartonta cikin keken doki. Duk da haka aka gurfanar da marubucin a Janairun 1857 bisa zargin ɓata tarbiyya da taɓa addini. Mai gabatar da ƙara, Ernest Pinard, ya tsinto shafuka ɗaiɗai, yana fargabar 'yan mata su karanta. Lauyan Flaubert, Jules Sénard, ya ce a dubi labarin ɗungurungum: bashi ya yi wa Emma katutu, ta sha guba ta mutu. Kotu ta wanke Flaubert ranar 7 ga Fabrairu, littafin ya fito a Afrilu, ya yi kasuwa.

Shekara 150 bayan haka, irin wannan fargaba ta bayyana a Kano. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ta nemi marubuta su yi rajista a zamanin shugabanta Abubakar Rabo. Hukuncinta bai tsaya a birni ba. Ya hau kan mai shagon hayar littafi a Bebeji da Kiru, da matar auren da ke aika yaro ya aro mata a Tudun Wada ko Doguwa.

Kuskuren guda ne a wuraren biyu: auna shafi a bar labari. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) har ƙarshe zai ga magidancin da ya wulaƙanta iyalinsa ya girbi abin da ya shuka. Bayyana aibi daban, tallata shi daban.

Akwai rubutun batsa, ba musu. Amma yau ya koma WhatsApp da Wattpad, inda ashana ba ta kaiwa. Abin da zai kare 'ya'yanmu a kudancin Kano shi ne editoci ƙwararru, da manazarta masu adalci, da ɗakunan karatu a makarantunsu. Duk mai tace littafi ya karanta shi daga bango zuwa bango kafin ya yanke hukunci.