Tarihin Gina Ƙashin Muƙamuƙi Kafin Dashen Haƙori

Tun zamanin da, wanzaman ƙasar Hausa sun gwanance wajen cire haƙori, amma mayar da shi ya gagare su. Sai a 1965 Brånemark na ƙasar Suwidin ya kafa turken titaniyam cikin muƙamuƙin mutum, ƙashi ya kama shi. To, amma inda haƙori ya daɗe da fita ƙashi yakan zaizaye, turke ya rasa madafa. Saboda haka a 1980 Boyne da James na Amurka suka bayyana hanyar ɗaga shimfiɗar kogon kumatu, a cike gurbin da ɓargon ƙashin ƙugun majiyyaci. Don haka ma'aikacin Bompai ko Sharada da ya rasa haƙori, jinkirinsa shi ke ƙara masa girman tiyata.