Sunan da Ya Mai da Ƙarfe Mudu

Abu biyu Bahaushe ya haɗa cikin kalmar "zafi". Idan uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ce jikinsa da zafi, matakin da ma'auni zai nuna take nufi. Idan kuwa mai shayi ya ce butarsa ba ta sami isasshen zafi ba, yana maganar yawan abin da wuta ta ba ta ne. Turawa ma sun daɗe suna cakuɗa su, sai wajen shekarar 1760 Joseph Black, malami a jami'ar Glasgow, ya raba gardama. Ya lura cewa abubuwa biyu na iya zama nauyinsu ɗaya, amma wutar da kowanne zai ci kafin ya kai mataki guda ta bambanta.

Kalmar da ya zaɓa wa wannan hali, "capacity", ita ce wadda suke faɗa wa yawan abin da mudu ko tulu ke ɗauka. Ba banza ba. A zamanin ana ɗaukar zafi tamkar wani ruwa marar nauyi, wanda ido ba ya gani, mai kwarara daga wannan abu zuwa wancan. Lavoisier na Faransa ma har suna ya raɗa masa, kalorik, daga kalmar Latin mai nufin zafi. To in zafi ruwa ne, ai ƙarfe da dutse mazubai ne.

A shekarun 1840 James Joule, ɗan garin Salford a Ingila, ya yi ta burga ruwa da wani irin maburgi har ya ɗumama, ya nuna cewa zafi makamashi ne. Tsohon tunani ya mutu, amma sunayensa suka ƙi binsa kabari. Kalori na nan a jikin kwalin abinci, kalmar mudu na nan a littafin ɗalibi. Shi kuwa Joule, da sunansa ake awon makamashi yau: jul.

Cikakken sunan a Turance shi ne "specific heat capacity". Ɗaya ɓarin sunan kuma, "specific", ana yawan juya shi da "na musamman", alhali abin da yake nufi kawai shi ne na kilo ɗaya. Wato jul nawa kilo ɗaya na abu zai ci kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya? Na ruwa kusan 4,200 ne, na ƙarfe kusan 450. Lissafin kuwa riɓi ne na abu uku: nauyi, da wannan adadi, da tazarar hawan zafi. Ruwan mai shayi lita 2, wato kilo 2, daga digiri 25 zuwa 100 zai ci jul 630,000. Ƙarfe mai nauyi haka 67,500 ya ishe shi. Ruwa ya ninka shi fiye da sau tara.

Da ni za a tambaya sunan Hausa, madafa zan nufa. Mata kan ce wake yana da cin wuta, ganda ta fi shi. Ba daidai da lissafin Black suke nufi ba, amma "cin zafi" bai mai da komai mazubi ba, kuma ɗalibin da ya taɓa zaman jiran tukunya ta tafasa zai gane shi tun kafin malami ya ɗauki alli.