Gansakuka a Tafkin Kifi: Yadda Za Ka Rage Ta Ba Tare da Asara ba

Idan kana kiwon tarwaɗa ko karfasa a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, kuma ruwanka daga magudanan Madatsar Bakolori yake zuwa, to ka san gansakuka. Ruwan da ya ratsa gonakin shinkafa yakan kwaso ragowar taki, taki kuwa shi ne abincinta.

Ba kowane koren ruwa ne matsala ba. Kore kaɗan abinci ne ga karfasa. Amma idan ta yi kauri, da dare takan shanye iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa za ka tarar da kifi sun taso sama suna haki da asuba, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Karfasa ce ke fara mutuwa, don tarwaɗa tana iya shaƙar iska a saman ruwa.

Yadda za ka gwada

Tsoma hannunka cikin ruwan. Idan tafin hannu ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, wato kamar santimita 30, gansakuka ta yi yawa.

Abin da za ka yi

1. Rage abinci na kwana biyu. Abincin da kifi bai ci ba yana ruɓewa ya zama taki.
2. Zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka zuba sabo. Wanda ka fitar, kai shi ga albasa ko tumatir.
3. Kwashe mai kama da gashi da koma ko raga.
4. Rufe wani sashe na tafkin da zana, don rana ce ke sa ta yaɗu.
5. Bayan ka kwashe kifi, bar tafkin ya bushe ƙarƙaf kafin sabon zubi. Rana tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa.

A kiyaye

Kada ka zuba maganin ciyawa. Zai iya kashe kifin, kuma gansakukar da ta mutu lokaci guda tana ruɓewa ta ƙarar da iskar ruwan. Idan ka ga saman ruwa kamar an zuba koren fenti, ga wari, kada ka bari dabbobi su sha, don irin wannan na iya zama dafi. Sai ka nemi malamin gona ya duba.