Kanwa Ta Iso, Dihe Bai Iso Ba: Tarihin Cinikin Gansakuka

Idan aka ce wa Bahaushe gansakuka, ba abin da zai faɗo masa a rai sai wannan koren abu mai yauƙi da ke lulluɓe kududdufi in damina ta ja baya, ko wanda ke manne wa gindin randa da bakin rijiya yana kayar da mutane da santsi. A wurinmu ƙazanta ce. Ba wai don ba mu san cin abin cikin ruwa ba ne, domin kuwa kakanninmu sun ci bado, saiwarsa da 'ya'yansa, musamman a shekarun yunwa. Amma gansakuka kam ko awaki ba a kai wa. To, ga shi a yau ta zama hajar da manyan kamfanoni ke nomawa a Sin da Amurka da Indiya, suna niƙa ta, suna curawa kamar ƙwayar magani, suna sayarwa da tsada. Abin da nake so in bi diddiginsa a wannan ɗan rubutu shi ne yadda aka yi haka ta faru, domin wani babban reshe na labarin a maƙwabtanmu ya soma, a kan hanyar da fataken ƙasar Hausa suka daɗe suna bi.

A gabas da arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai ƙasar Kanem, inda sarakunan Saifawa suka yi mulki kafin yaƙin Bulala ya tilasta musu ƙaura zuwa Barno a wajejen ƙarshen ƙarni na 14. Mutanen da suka rage a can su ne Kanembu, 'yan'uwan Barebari. Ƙasar rairayi ce, amma a tsakanin tuddan rairayin akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa, wanda zartsinsa ya sa yawancin tsirrai da kifaye ba sa iya zama a ciki. A irin wannan ruwa ne wata halitta 'yar mitsitsiya take yaɗuwa, wadda ido ba ya ganin ɗayarta sai da madubin ƙara girma, inda za a gan ta a murɗe kamar zaren da aka naɗa a tsinke. Masana suna kiranta Arthrospira platensis, 'yan kasuwa kuma suna ce mata sifirulina. In iska ta koro ta bakin gaɓa sai ta taru ta yi kauri kamar kunu.

Matan Kanembu su ke kwasarta. Sukan shiga ruwa da ƙorai ko kwanoni su yaɗo ta, sa'an nan su haƙa ɗan rami mai faɗi a cikin rairayi su zuba. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da saura, sai a yayyanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda ake yanka alewa. Wannan shi ne dihe. Ana dakawa a zuba a miya da tattasai da albasa, a ci da tuwon gero. Bisa al'ada aikin na matan zuriyar maƙera ne, waɗanda ba a ɗauke su da daraja ba a tsarin zaman Kanem, kuma mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa. Wani bincike da Abdulqader da Barsanti da Tredici suka buga a shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa daga Tafkin Kossorom kaɗai ana samun wajen tan 40 na dihe a shekara.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu. Daga wannan yanki ɗaya ake haƙo kanwar da muke kira ungurnu. A da mutanen Buduma su kan ɗauko ta a jiragen ruwa su tsallako da ita tafkin zuwa gaɓar yamma, daga nan jakuna da takarkarai da raƙuma su ja ta zuwa Kano, daga Kano kuma ta watsu har Zamfara da Sakkwato da ƙasar Nufe da ta Yarbawa. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci filla-filla a littafinsa na tarihin gishiri da kanwa da ya fito a 1986. Ba gidan da kanwa ba ta shiga ba: tana cikin miyar kuɓewa da ta kuka, tana cikin kunu, ana jiƙa wa doki da saniya, masu taba kuma suna haɗawa da ita. Watau ke nan ruwan da ya haifi kanwa shi ya haifi dihe, amma ɗaya ta yi tafiyar ɗaruruwan mil ta zama 'yar gida a wurinmu, ɗayan kuwa ko sunansa bai shigo Hausa ba.

Me ya sa? A nawa ganin dalilan ba su da wuyar ganewa. Kanwa dutse ce, tana jure ruwa da rana da doguwar tafiya, kuma kowane mai dabba yana bukatarta, ga shi ba ta da madadi mai arha. Dihe kuwa kayan miya ne, kuma ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa kayan miya ba, ga kuka, ga daddawa, ga kalkashi, ga rama da zogale. Falke ba ya ɗora wa jakinsa abin da ba a tambaya. Daɗin daɗawa, sana'ar mata ce, matan ma na ƙasan tsani, alhali fataucin nesa a hannun maza yake. Ina jin wannan na ƙarshe ya fi sauran nauyi, don abin da mata ke sarrafawa a bayan gari ba safai yakan shiga lissafin madugu ba, balle na marubutan tarihi.

Turawa ma ba su gane shi da wuri ba. A 1940 wani masanin tsirran ruwa Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya bincika wani guntun dihe da aka sayo a kasuwar Massakori aka aika masa, ya kuma rubuta cewa tarin wannan halitta ce aka busar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, ba wanda ya waiwayi maganar. Sai a 1964 zuwa 1965, da wani ayari na Beljiyam ya ratsa Sahara, Jean Léonard ya ci karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wadda a yau ake kira Injamena. Da aka auna sai aka ga sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya wuce zato. Sifirulina mai tsabta, in ta bushe, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyinta furotin ne, ga ƙarfen da ke ƙara jini, ga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A shekarun nan duniya tana cikin fargabar ƙarancin furotin, saboda haka Cibiyar Man Fetur ta Faransa ta shiga nazarin yadda za a noma ta.

Abin mamaki, wurin da aka fara noma ta da yawa ma wurin kanwa ne. A Meziko akwai Tafkin Texcoco, inda marubutan Sifaniya na ƙarni na 16 suka tarar Aztek suna yaɗo wani koren abu suna busarwa suna sayarwa a kasuwa, suna ce masa tecuitlatl. Bayan zuwan Sifaniyawa aka yi ta janye ruwan tafkin, al'adar ta mutu. A ƙarni na 20 kamfanin Sosa Texcoco, mai tace sinadarin soda daga ruwan wurin, ya riƙa fama da wata gansakuka da ke cika masa tafkunan busarwa. Da labarin Chadi ya iso sai aka gane ashe abin da ake zubarwa kuɗi ne, kamfanin ya soma sayar da ita a farkon shekarun 1970. An rufe shi a shekarun 1990, amma kafin nan wasu sun karɓa: kamfanin Dainippon na Japan ya buɗe gona a Tailan a 1978, aka kafa gonar Earthrise a hamadar Kalifoniya a farkon shekarun 1980, Cyanotech kuma a Hawai. A yau Sin ce kan gaba wajen yawan abin da ake nomawa.

Da farko masu sayenta 'yan ƙwalisar kula da lafiya ne a Turai da Amurka. Abin da ya faɗaɗa kasuwar daga baya launi ne. A cikin sifirulina akwai wani shuɗin sinadari da ake iya tacewa, kuma shuɗi yana da wuyar samu a tsirran da ake ci. Da jama'a suka fara ƙyamar rinin roba a abincin yara, kamfanin Nestlé ya janye shuɗiyar alewar Smarties a Ingila, bai maido ta ba sai a 2008 da ya samu rinin sifirulina. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi a alewa da cingam. Mu da muka gaji marina da baba, ya kamata wannan ya ba mu dariya: shuɗi ya sake zama haja, daga ƙasashen Sudan kuma asalinsa.

Sifirulina ba ita kaɗai ba ce. Man DHA da ake sa wa a madarar jarirai ta gwangwani, daga wasu ƙananan halittun ruwa ake samun mai yawa daga cikinsa, kuma kamfanin Martek da ya yi fice a kansa an saye shi a 2011 a kan fiye da dala biliyan 1. Ɗaliban kimiyya da ke raino ƙwayoyin cuta a faranti, daskararren abin da suke zubawa daga ciyawar teku aka tace shi. A Zanzibar tun 1989 ake noman ciyawar teku, kuma yawancin manoman mata ne, suna wuni a cikin ruwan gishiri suna ɗaure tsirrai a igiya. Sai dai ɗanya ake fitar da yawancinta a farashi ƙanƙane, a can waje ake tace sinadarin da ke sa askirim da man goge baki su yi kauri. Matan Kanem ma sai a wajejen 2007 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Tarayyar Turai, ta soma taimaka musu su riƙa tacewa da ƙyalle suna busarwa ba a kan rairayi ba, don dihe ya rabu da tsakuwa ya yi daraja. A lissafa daga Dangeard zuwa nan, shekara 67 ke nan.

To, mu fa? Mu mutanen Morai da Mafara da Bakura da Maradun muna zaune ne a gefen ruwa mai yawa. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, kuma an tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ta shayar da kadada wajen 23,000. Dubban mutane suka rasa gidaje da gonaki, na ƙasan gulbi suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu, rigimar diyya kuma ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980. Wanda ya tashi da wannan labari ba ya jin an ce ga sabon arziki a cikin ruwa ya yi saurin tafi. Yakan fara tambaya: gonar wa za a karɓa, wa zai tace, wa zai sa farashi?

Akwai kuma gargaɗi da ya wajaba in yi. Koren da muke gani a kududdufi ko a magudanan Bakolori ba dihe ba ne. Ruwanmu mai daɗi ne, ba na kanwa ba, kuma a irinsa ne wasu dangin gansakuka masu dafin da ke lalata hanta suke yaɗuwa. Zartsin kanwa shi ke kare tafkunan Kanem daga yawancin waɗannan. Wanda ke son noma ta a nan sai ya gina kwarmin siminti marar zurfi, ya haɗa ruwan da kanwa da gishiri da taki, ya samo iri mai tsabta, ya riƙa motsawa. Zafi muna da shi, don tana son ma'aunin 30 zuwa 35, sai dai sanyin hunturu yana rage mata sauri. Abu mafi haɗari shi ne tana zuƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ruwa. A jihar da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ba wanda ya kamata ya ba yaro cokali ɗaya na irin wannan gari kafin a auna ruwan da aka noma shi.

Masu talla sukan ce maganin tamowa ce. Yunwar yara a Zamfara gaskiya ce, domin binciken da Likitocin Na-gari-na-kowa suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna yaro 1 cikin 4 na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da ita. Amma a yi lissafi. Mutum ba ya cin sifirulina da kwano, cokali yake ci, kuma giram 10 ba zai ba shi furotin da ya wuce giram 6 ko 7 ba, abin da ɗan dunƙulen ƙuli-ƙuli ko ludayin wake zai bayar a kuɗi kaɗan. Bitamin B12 da ake yawan ambata ma, yawancinsa irin wanda jikin mutum ba ya amfana da shi ne. Abincin da ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005 tunkuzar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Inda na ga sifirulina za ta yi rana shi ne a matsayin ƙari a kunun yara da na masu ciki saboda ƙarfen jini, da kuma a matsayin sana'ar da ƙungiyar mata za ta iya yi a fili kaɗan a cikin gari, a wannan zamani da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa isa gonakinsu na nesa. Kayan haɗin da ya fi muhimmanci kuwa ba sai an yi odarsa daga waje ba, ana kasa shi a faifai kowace ranar Talata a kasuwar Mafara.